"A GODE ALLAH": WA KE FAƊA, KUMA WA AKE FAƊA WA?



Harshenmu tun daga gaisuwa bai bar wa mutum ƙofar ƙorafi ba. Ina aiki? Da godiya. Ina gajiya? Babu gajiya. Yaya jiki? Da sauƙi, ko da mai jikin ba ya iya ɗaga kai daga tabarma. Tarbiyya ce mai kyau, da ita iyayenmu sunka ƙetare shekarun da sunka fi namu muni. Amma kalmar da ake faɗi sau ɗari a yini tana iya zama kamar tsohuwar takardar jikka da ta sha hannu. Kowa na karɓa, kowa na miƙawa, ba mai duba abin da ke rubuce a jikinta.

Ga kaka ta shigo. Wanga lokaci ne majami'u a ƙasarmu ke bikin godiyar girbi, a kawo damman hatsi, wake, gujiya, kaji, wani har da akuya, a aje gaban bagade. Mu Kiristocin Nijar ba mu da yawa. Bisa ƙidayar 2012 ba mu kai 1 cikin 100 ba, nan Kurfai kuwa mun fi haka ƙaranci. To amma zancen na kowa ne. Abin da muke kira wadar zuci, maƙwabtanmu Musulmi na kiran shi ƙana'a, kuma kasuwa ɗaya muke ci ranar Lahadi, tiya ɗaya ake auna mana. Don haka kowa shi tsaya shi ji.

Maganarmu a taƙaice ita ce: godiya ga Allah cikin kowane hali wajibi ce ga Kirista, ba mu zo rage mata ko ƙwaya ɗaya ba. Abin da munka zo yaƙa shi ne yadda wasu sunka ɗauke ta daga inda Allah ya aje ta. Wadar zuci linzami ce, mutum bakinsa yake sa wa don kwaɗayinsa kar shi gudu da shi. Yau ga ta hannun masu ƙoshi, sun maida ta takunkumi suna ɗaura wa bakin mai yunwa. Wasu kuma sun maida ta haja suna tallarta ta WhatsApp. Su biyun nan muke nufi.

Bari mu fara da faɗin halin da ake ciki, domin godiyar da ke tsoron kallon gaskiya ba ta da ƙarfin tsayawa. Tun 2017 sassa na jihar Tilaberi ke ƙarƙashin dokar ta-ɓaci. A farkon 2020 anka hana hawa babur a wurare da dama, kuma kun san matasa nawa ne tukunyar gidansu ke kan kabu-kabu. Ranar 15 ga Maris 2021 anka tare motocin ƴan kasuwa da ke komawa gida daga kasuwar Banibangu, anka kashe mutum 58, anka ƙona rumbuna. Ɗaruruwan lakwal an rufe su a jihar. Akwai garuruwan da mutanensu sunka bar gona ba a girbe ba, yanzu suna raɓe a bayan gidajen dangi. Ƴan gudun hijirar Mali na Abala tun 2012.

Sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, CEDEAO ta ƙaƙaba wa ƙasa takunkumi, Najeriya ta yanke wutar lantarki, kaya sunka maƙale a tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Sai 24 ga Fabrairu 2024 anka ɗage. Shinkafa da magani sunka yi tashin da kowace uwar gida ta fi mu sani. Daminar 2024 kuma ta zo da ambaliya, ɗaruruwa sunka rasu, fiye da mutum miliyan 1 abin ya shafa. Cikin wanga hali ne ake ce mana mu gode, kuma muna godewa. Tambayarmu ita ce daga bakin wa kalmar ke hitowa.

Ga na farko, mai ƙoshi. Kun san shi. A tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi bai nuna ba, shi ne ke ba manomi bashi da sharaɗin a biya da hatsi in kaka ta yi, kan farashin kaka. Da an girbe, kowa na bukatar kuɗi lokaci guda: bashi, kayan lakwal na ɗiya, aure, haraji. Hatsi ya cika kasuwa, farashi ya faɗi, shi saye shi kulle a mangaza. Watan Yuli da Agusta shi buɗe, shi sayar wa manomin nan hatsin da ya noma da hannunsa a kan kuɗin da ya fi na kaka nesa. In manomi ya ce Alhaji, ko ya ce Dattijo, abin ya yi tsada, sai a ce mishi: "Kai dai gode Allah da ka samu ma." Mun ce Alhaji, mun ce Dattijo, domin wagga cuta ba ta tambayar mutum inda yake ibada.

Akwai uwar gida da ke riƙe kuɗin ƴar aikinta wata uku, in yarinya ta yi magana a ce ba ta da godiya, alhali ana ba ta tuwo. Akwai mai gida da ke biyan mai gadi kuɗin da bai kai na intanet ɗinsa na wata ba, shi ce mishi aiki da godiya. Akwai mai rabon taimako da ke ba ƴan gudun hijira rabin abin da anka rubuta, ya san ba mai buɗe baki, don wanda ya tambaya za a ce butulu ne. Akwai kuma mai wa'azi da ke hawa mumbari da sabon takalmi shi koya wa gwauruwa mai marayu biyar cewa ƙorafi zunubi ne, bai taɓa tambayarta me sunka ci jiya ba.

Ku lura da abu guda. A duk waɗanga misalai kalmar daga sama take gangarowa ƙasa. Ba mu taɓa jin mai gadi ya ce wa mai gida shi wadatu da mota ɗaya ba. Ba mu taɓa jin manomi ya ce wa mai mangaza shi gode Allah da ribar bara, bana shi sassauta ba. Nasihar da kullum hanya ɗaya take bi, ya kamata a bincika wa take yi wa aiki.

Ƙasarmu ta riga ta biya kuɗin irin wagga "godiya". A 2004 ruwa ya ɗauke da wuri, fari sunka sauka. A 2005 yunwa ta kama miliyoyin mutane, mata na tsinkar anza da ganyen daji, cibiyoyin tamowa sunka cika da yara a Maraɗi. Cikin watan Agusta na shekarar shugaban ƙasa na lokacin, Mamadu Tanja, ya gaya wa BBC cewa babu yunwa a Nijar, mutane da alamar ƙoshi a jikinsu. Wane ne ya amfana da rufin asirin nan? Tabbas ba uwar da ke goye da yaro mai kumburin ƙafa ba. A farkon shekarar kuma, da anka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 kan kayan masarufi, jama'a sunka rufe shaguna, gari ya mutu, sai da gwamnati ta ja da baya kan wasu kayan. Waɗanda sunka yi magana ran nan ba butulu ba ne, sun taimaki kowa har da wanda ya zauna gida.

Dattawanmu kuma na tune da 1974. Bayan shekarun fari, Seyni Kunce, ɗan Fandu nan kusa da mu, ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilu, kuma cikin dalilan da anka bayar har da yadda anka yi da abincin taimako lokacin da talakawa ke mutuwa. Darasin a fili yake. In an hana yunwa magana da baki, takan nemi wata ƙofa, kuma ba kullum ƙofar ke da kyau ba.

To ku da ke cewa Littafi Mai Tsarki ne ya ce a wadatu, mun yarda, ya ce. Amma mu buɗe mu ga wa ya ce wa. A Linjilar Luka, da mutane sunka zo wurin Yahaya Mai Baftisma suna tambaya me za su yi, amsa iri uku ya bayar. Mai riga biyu da mai abinci, ya ce su raba da marar shi. Masu karɓar haraji, ya hana su ƙara ko tamma kan abin da anka ƙayyade. Sojoji kuwa, ya hana su ƙwace da ƙage, sannan ya ce albashinsu shi ishe su. Kun ji wanda anka yi wa wa'azin wadar zuci: mai makami, mai iko, wanda in bai wadatu ba talaka ne zai biya. Marar riga ba a ce mishi komi ba, riga anka nemo mishi.

Annabi Amos bai je wurin matalauta ya ce su yi shiru ba. Kan ƴan kasuwa ya sauka, masu rage mudu su ƙara farashi, masu sayar da shara a matsayin hatsi, masu ƙosawa ranar hutu ta wuce su koma cuta. Wanda ya taɓa ganin tiyar da anka buga wa gindi don ta rage ci, ya san zancen Amos bai tsufa ba. Yakubu kuma a wasiƙarsa ya yi ba'a ga mai bi da ke sallamar mayunwaci da addu'a mai daɗi hannu wofi, ya kira irin wagga bangaskiya matacciya. Littafin Karin Magana ya ce jama'a na la'antar mai ɓoye hatsi. Me ya sa waɗanga wurare ba sa samun mai wa'azi ranar bikin girbi?

Sai Manzo Bulus, wanda kowa ke ambato in an zo zancen wadar zuci. Gaskiya ne, daga kurkuku ya rubuta wa ikilisiyar Filibi cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da samu da rashi. Amma kansa yake ba labari, abin da shi ya koya da jikinsa. Bai aika wa wani ɗan kurkuku da wagga magana daga inuwa ba. Kuma a wuri guda ɗin yake gode wa Filibiyawa don gudummawar da sunka aiko mishi ta hannun Abafroditus. Wato su ba su ce Bulus ya iya haƙuri, a bar shi da haƙurinsa ba. Sun haɗa abin hannunsu sun aika.

Ku koma Ayyukan Manzanni ku ga abin da ya faru a garin Filibi ɗin kansa shekarun baya. An yi wa Bulus da Sila bulala ba tare da shari'a ba, an jefa su kurkuku. Da tsakar dare suna yabon Allah, ƙafa cikin turu. Gari na wayewa mahukunta sunka aiko a sallame su a ɓoye. Bulus ya ƙi hita. Ya ce su ƴan ƙasar Rum ne, an take musu haƙƙi a bainar jama'a, sai mahukuntan sun zo da ƙafarsu. Sunka zo, sunka ba da haƙuri. Mutum ɗaya ne, dare ɗaya ne: ya yi yabo da dare, ya nemi haƙƙinsa da safe. Wanda duk ya ce muku godiya da neman haƙƙi ba sa zama gida ɗaya, ku tambaye shi ko ya fi Bulus sanin godiya.

Yanzu ga na biyu, masu sayar da godiya. Waɗannan ba sa ce maka ka yi shiru, cewa suke ka biya. Saƙon murya ne ko bidiyo, wani daga Legas, wani daga Abijan ko Kinshasa, wani kuma nan cikinmu ya kwaikwaya. A ce ka shuka "irin godiya" jikka 5, Allah zai maido maka ninki ɗari kafin ƙarshen wata, ga lambar tura kuɗi. A ce ka rubuta amin ka tura wa mutum 10, buɗi na tahe. In buɗi bai zo ba, laifinka ne, godiyarka ce ba ta cika ba, ƙara wata.

Wanga ciniki ne, kuma ciniki da wanda ba a ciniki da shi. Godiya tana duban abin da anka riga anka ba ka. Da zarar ta koma jari da ake jiran riba, ta tashi daga godiya ta koma caca. Mugun abin da ke ciki shi ne yana koya wa talaka jin kunyar halinsa gaban Allah. Malamin lakwal da ya yi shekara 20 yana koyar da ɗiyan mutane cikin runfar zana, sai shi fara ganin kansa la'ananne don ba shi da mota. Matar da mijinta ke Libiya shekara uku ba aike, sai ta ɗauki kuɗin magani ta tura wa wanda bai san sunan garinta ba. Bulus ya gargaɗi Timoti a kan irin waɗanga mutane da ke ɗaukar ibada hanyar samun kuɗi, kuma a nan wurin ne ya yi zancen wadatuwa da ci da sutura. Wato ayar da suke yi mana wa'azi da ita, a kansu anka rubuta ta.

Ƴan uwa, ku yi gwaji mai sauƙi. In mai wa'azi ya tabbata jikka 5 na komawa jikka 500, me ya hana shi aiko muku da tasa?

Mun san akwai matasa da ke karanta mu suna cewa: to ai kun gama magana, wadar zuci maganin barci ce da ake ba talaka, a jefar da ita gaba ɗaya. Muna jin ku, kuma fushinku na da dalili. Amma a nan mun rabu. In ɓarawo ya saci fartanyarka ya fasa maka kai da ita, ba fartanya za ka daina amfani da ita ba, karɓe ta za ka yi. Mutumin da ba shi da wadar zuci kowa na iya sayensa. Da jikka kaɗan ake samun mai kai wa ƴan bindiga mai da labari. Da alkawarin babur da kuɗi ake jan yaro daji. Da hoton wani a Facebook jingine da motar da ba tasa ba ake sa saurayi shi sayar da gonar gado shi bi sahara. Ba mu zargin mai hita neman na kai, cin rani gadonmu ne, kuma kuɗin ƴan waje ne ke riƙe da gidaje da yawa a Kurfai. Muna cewa ne akwai bambanci tsakanin wanda ya hita da lissafi da wanda kunya da kwaɗayi sunka kora. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji magabata, kuma talaka ma bai tsira daga gare shi ba.

Godiya ta gaskiya mun gan ta a ƙasar nan. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, a Damagaram da Yamai, bayan zanen ɓatanci na jaridar Charlie Hebdo ta Faransa, wanda ba Kiristan Nijar ko ɗaya ya zana, anka ƙona majami'u. A Yamai kaɗai hukuma ta ƙirga 45. Mutum 10 sunka rasa ransu a garuruwan biyu. Me Kiristoci sunka yi? Sun koma ibada cikin toka da ƙarƙashin tanti, shugabanninsu sun yi shelar gafara, ba a rama ba. Sun gode wa Allah da maƙwabta Musulmi da sunka ɓoye su cikin gidajensu. Amma ba su ce ba a yi komi ba. Sun ƙirga asara, sun faɗa wa hukuma da duniya, sun sake gini. Fada Pierluigi Maccalli, da anka sace a Bomoanga cikin jihar nan tamu ranar 17 ga Satumba 2018, sai Oktoba 2020 anka sake shi a Mali. Ya hito yana cewa ya yafe, kuma bai daina ba da labarin sarƙar da anka ɗaura mishi ba, bai daina tuna wa duniya da sauran waɗanda ke hannu ba. Annabi Habakuk ma, wanda ya rufe littafinsa da murna ga Allah ko da gona ba ta yi ba, garke ya watse, da ƙara ya buɗe shi, yana tambayar Allah har yaushe zalunci zai ci gaba.

Kuma wadar zuci na buɗe ido. Ga misali daga Maraɗi. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostireliya da ya zo da mishan ɗin SIM a farkon shekarun 1980, ya yi ta dasa itatuwa suna mutuwa. A 1983 ya lura cewa ƴan tsirran da manoma ke sassabewa kowace shekara, su sabara da kalgo, kututture ne masu rai, saiwarsu na nan ƙasa. Abin da ake bukata a zaɓi ƴan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran. Manoman Maraɗi da Damagaram sunka ɗauki abin sunka yi nasu, shi ne sassabin zamani. Masu bincike sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Dajin yana nan ƙarƙashin ƙafa tun can, ido ne ke kallon abin da babu. Mai godiya yakan fara da tambayar me ke hannuna. Mu a nan muna da ruwa kusa a Dallol Boso, muna da saniyar Azawak da tashar Tukunus ke kiwo tun shekarun 1950, muna da gawo cikin gonaki. Wanda ya gode don su, aikin su zai yi.

Saboda haka ga abin da muke roƙo a wagga kaka.

Ga shugabannin ikilisiya: damman da za a kawo gaban bagade a ƙirga su gaban jama'a, a rubuta, a karanta. A ware kaso a aje har Yuli da Agusta, lokacin da tukunya ke kwana ba wuta. Yusufu, wanda mu da Musulmi duk mun san labarinsa, bai ci shekarun ƙoshi da yabo kaɗai ba, rumbu ya gina. In lokacin rabo ya yi, kar a tambayi mutum addininsa. Asibitin Galmi tun 1950 yake karɓar marar lafiya ba wagga tambaya, shi ya sa ba a buƙatar yi mishi talla. Kuma ranar bikin, in za a yi wa'azin wadar zuci, a fara da kujerun gaba.

Ga masu hali, Kirista da Musulmi: kafin ka ce wa wani shi gode Allah, ka duba ko akwai haƙƙinsa a aljihunka. Ka biya ƴar aiki. Ka gyara tiya. Ka buɗe mangaza kafin farashi shi kai inda kake jira. Ribar da ka bari don Allah ita ce godiyarka, kuma ita ce maƙwabta za su iya gani.

Ga manoma: in da hali kar a zubar da hatsi duka a kasuwa makon girbi. Bankin hatsi na gari da haɗa kai a aje tare sun fi komawa wurin mai mangaza da hula a hannu.

Ga mai rashi, ɗan uwa, ƴar uwa, ku da kunka baro gari ba don kun so ba: ba mu da bakin koya muku godiya, mu ke koyo wurinku. Abin da za mu ce kawai, in an ba ku rabi alhali an rubuta cikakke, tambaya ba butulci ba ce. In an ce jiki da sauƙi a gaisuwa, gaban likita a faɗi inda ke ciwo. Allah da kuke gode wa ba ya tsoron kukanku, Zabura da yawa kuka ne. Kuma kar ku tura wa kowa kuɗi don shi sayo muku albarka.

Mun san wasu za su ji haushi, za a ce ƴan rediyo sun shiga hurumin da ba nasu ba. Hurumin tukunya na kowa ne. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Wanda ke da ja, fili a buɗe yake, shi kawo hujja, za mu saurare shi da mutunci kamar yadda munka saba.

Allah Shi ba mu zuciyar da ke cewa "ya isa" in namu ne, da bakin da ke cewa "bai isa ba" in na maraya ne. Allah Shi kawo zaman lahiya a Kurfai da Nijar baki ɗaya, Shi maida kowa gidansa, Shi sa albarka a abin da anka girbe.